Wa ya kashe mai masauki?

A fadarmu ta shayi, nan Harobanda, akwai hira guda da ba ta tsufa: yadda ake wulaƙanta ɗan Nijar a ƙasashen mutane. Da an ɗora buta a gawayi wani zai jawo ta. Wannan ya kawo labarin waɗanda Aljeriya ke kwasowa a manyan motoci ta zube a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka. Wancan ya tuno yadda aka ɗebo matanmu da yaranmu daga titunan Dakar a watan Maris na 2022, aka sauke su a filin jirgin Yamai kamar kayan da aka ƙi saye. Wani ya ce shi da kansa an tsugunar da shi a rana a wani shinge saboda jika 2. Sai a yi tsaki, a ce Allah ya isa, a zuba shayi na biyu. Ni ma da ni ake yi, ina ma cikin masu ɗaga murya.

Tun da na dawo daga Kotonu bakina ya yi nauyi a wannan hira. Abokaina sun lura, har ɗaya ya tambaye ni ko saye ni aka yi a can. To ga amsata, na rubuta ta ne don in da baki ne ba za ku bar ni in kai aya ba. Duk abin da kuke faɗa ya faru, ban cire ko ɗaya ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne mu riƙa magana kamar masu tsabtar hannu. Garin nan da muke zaune ya daina yi wa baƙo kirki, kuma mu ɗalibai, da muka fi kowa sanin ɗacin baƙunta, da mu ake yin rashin kirkin.

Bari in fara da kaina. Shekaru uku ke nan da na zo Yamai daga Tasawa, da akwati guda, da rabin buhun gero da innata ta matsa sai na ɗauko, da lambar wani ɗan garinmu da aka ce zai tarbe ni. Muka shigo da dare. Lambar ba ta shiga ba. Na kwana a tasha, kaina bisa geron, hannuna cikin hannun akwati. Sati uku na yi ina raɓe a ɗakin wasu ɗalibai su biyar, kafin in faɗa hannun dillali.

Duk wanda ya nemi ɗaki a wannan gefen gulbi ya san abin da zai biyo baya. Kafin dillali ya nuna maka ko ƙofa sai ka ba shi kuɗin ƙafa, ɗakin ya yi maka ko bai yi ba. Na biya sau huɗu. A na huɗun ya kai ni wani gida mai ƙofa tara da bayi ɗaya da famfo ɗaya. Ɗakin irin wanda ake kira antire-kushe ne, ka shiga ka kwanta, kwano tsirara a sama, taga kamar bakin tulu. Jika 20 a wata. Mai gidan ya zauna a kujerar roba ya lissafa mini: abans na wata uku, kosiyon na wata biyu, dillali kuma wata ɗaya nasa ne. Jika 120 ke nan kafin in shimfiɗa tabarma. A lokacin mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan sefa 30,047 ne, sai a farkon 2024 aka kai shi 42,000. Wato albashin wata huɗu na ɗan ƙwadago aka nema daga yaron da ko burs ɗin farko bai taɓa ba. Babana ya sayar da ragon da ya ajiye don layya, ya haɗa da wake buhu biyu.

Kuɗin ba su ne suka fi tsaya mini a rai ba. Tambayoyin ne. Kai ɗan ina ne, kana sallah, wa zai biya in ka kasa. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya ce: “Ka ji, yaro, gidan ga ba na son baƙi. Wanda duk ya kwana uku ɗakinka ya zama ɗan haya, sai a ƙara maka kuɗin ruwa.” Kwana ukun nan da addini ya ce haƙƙin baƙo ne a kan mai gida, su ne mutumin nan ya ɗauka ya mayar da su ma'aunin tara. Kuma kada wani ya ce ina jifan Zabarmawa ne a fakaice. Mai gidan Bahaushe ne kamata, har ya ce mini kakarsa ƴar wajenmu ce, ya yi mini wasan dangi, sannan ya ƙirga kuɗinsa sau biyu.

Wadda ta tarbe ni a gidan nan ba ta haɗa komi da ni ba. Tanti muke ce mata. Mutuniyar kudancin Benin ce, Kirista, mijinta mai shimfiɗa karo ne a gidajen da ake ginawa, ita kuma tana sayar da abinci a bakin titi, shinkafa da miya da soyayyen kifi. Shekararta 19 a Yamai. Zabarmancinta ya fi nawa nesa, Hausarta ta kasuwa ce amma tana kai ta inda take so. Ranar da na tare ta leƙo, ta dubi katifata da littattafaina a ƙasa, ta kama hannuna ta nuna mini wani layi mai duhu a jikin bango, daidai ƙuguna. Ta ce nan ruwa ya kai a watan Satumba na 2020, lokacin da gulbi ya karya madatsar Lamorde. Dillali bai faɗa mini ba, mai gida bai faɗa mini ba. Ta sa ɗanta ya kawo mini bulo huɗu da katako in ɗora littattafai. Ta ara mini bokiti, ta faɗa mini lokacin da famfo ke kawo ruwa da ƙarfi, wajen ƙarfe uku na dare, ta ce in ina barci za ta tara mini. A watan da burs ya yi jinkiri ta buɗe mini shafi a littafinta na bashi ba tare da na roƙa ba. Ba ni kaɗai ba, rabin fadarmu a littafin nan muka yi lisansi.

Ku riƙe wannan, zan dawo gare ta.

A watan Disamba na 2024 aka kira mu aka ce yayana da ke talla a Kotonu mota ta buge shi, ƙafa ta karye. Innata ta ce ni zan je, tunda ni ne mai farasanci da sanin takardu. Da Tanti ta ji, ta kawo mini ɗan ƙunshi, kilishi da atamfa da ambulan, ta ce in Allah ya sa na samu sarari in kai wa tsohuwarta a Porto-Novo, don rabonta da gida tun kafin a rufe gada.

Muka tashi da asuba. Hanyar Doso kun san ta: Kure da raƙuman dawanta in ka yi sa'a, Birnin Gaure, ga layin dogon nan da aka ƙaddamar a 2016 yana biye da kai a gefen titi, ciyawa ta cinye shi, babu jirgin da ke hawansa. A Doso muka karya kudu. Kusan kilomita 300 daga Yamai sai ga Gaya, kuma nan motar ta ce iyakarta ke nan. A lokacin, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu gefen hukuma ta ce saboda tsaro zai ci gaba da zama a rufe. Saboda haka kowa ya sauko da kayansa, a hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa, a shiga kwalekwale. A namu akwai buhunan albasa, akwai babur a kwance, akwai wata tsohuwa da ta rufe ido tana salati tun daga wannan gaɓa har waccan, akwai jariri. Bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba. Ina zaune ina tunanin bututun nan na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem ya ratsa wannan yanki har Seme a bakin teku. Man fetur ya samu hanyarsa ta ƙetarawa, tsohuwa mai salati kuwa sai kwalekwale.

Shingayen hanya na daina ƙirga su. Abu guda dai ba zan manta ba. A wani shinge tun muna cikin ƙasarmu aka sauke mu duka, aka karɓi katin kowa, aka ce ƴan ƙasa su tsaya nan, baƙi su bi ta bayan rumfa. Mu aka miƙo mana namu muka koma mota muna hira. Su suka daɗe, suka fito ɗaya bayan ɗaya suna mayar da walat cikin aljihu, ba mai kallon wani. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, ni ma ban ce ba, har na ji wani yana gunaguni wai suna ɓata mana lokaci. Da muka ƙetare ruwa, a shingen farko, sai aka sake raba layi, kuma a wannan karon ni ne na bi ta bayan rumfa. Jika 2. Katina lafiya lau, katin rigakafina lafiya lau, mutumin ko buɗe su bai yi ba. Na fito ina mayar da walat cikin aljihu, na ga waɗanda muka bari ɗazu a bayan rumfa suna zaune a mota suna kallon waje. A fada muna ba da rabin labarin nan ne kullum, rabin da muke bayan rumfa.

Kandi, Paraku, Sabe, Dasa, Bohikon, dare guda cur a zaune, gwiwa a ƙirji. Muka shiga Kotonu da hantsi, gari ya cika da ƴan zemijan masu rawayar riga. Na ce wa ɗaya Zongo, bai tambaye ni komi ba, ya kai ni har gindin babban masallaci. A nan na nemi mutumin da aka ba ni kwatancensa, wanda kowa ke ce wa Baba.

Tsoho ne, a Kotonu aka haife shi, ya ce kakansa ne ya zo da fatake, shi kansa bai taɓa wuce Gaya ba. Hausarsa irin ta tsofaffin ƙauyenmu ce, da kalmomin da na ɗauka sun mutu. Tambaya biyu ya yi mini: ɗan wane gari, kuma na ci abinci? Ya nuna mini tabarma a zaure inda mutum goma sha ɗaya ke kwana, ƴan Tawa, ƴan Dogon Dutsi, wani Bazabarme daga Wallam, wani Buzu mai sayar da takalma. Kwana tara na yi a zauren nan. Ba a ce mini abans ba, ba a ce kosiyon ba. Na tarar tuni Baba ya tsaya wa yayana a asibiti, ya bi ƴan Nijar na kasuwa ɗaya bayan ɗaya aka haɗa kuɗin aikin ƙafar. Yayan nawa kuma ba a Zongo yake haya ba, a wata unguwa ce, ɗaki a gidan wata mata mai zuwa coci, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Tun da ya kwanta ba ta karɓi kuɗin haya ba. Kullum da safe tana aiko masa da koko. Da na je yi mata godiya da farasancina na makaranta, ta kaɗa hannu ta ce in ya miƙe ya biya, yanzu ƙafa ce magana.

Na san abin da za ku ce, don na san ku. Za ku ce na je kwana tara na dawo ina waƙar mutanen kurmi. A'a. A Kotonu ma akwai masu gidan da za su watsa maka kaya waje, an faɗa mini, kuma a can aka karɓe mini jika 2 a bayan rumfa. Baba kansa ba waliyyi ba ne. Yana da la'adarsa a kan kowane buhun albasa da kowane bijimi da aka sayar ta hannunsa, kuma ya san lissafi fiye da mai gidanmu. Sana'a ce, tsohuwar sana'a, kuma tamu ce. Tun zamanin da fatake ke tafiya Gwanja sayen goro, suna ƙetare gulbin nan su bi ta Nikki da Zugu da Sansanin Mango har Salaga, duk inda ayari ya sauka akwai zango, duk zango akwai mai masauki. Shi ke ba ka wurin kwana, ya adana kayanka, ya yi maka tafinta, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in ana bin ka bashi, in ka mutu ya sa a yi maka sutura ya aika gida da abin da ka bari. Daga nan aka samu Zongon Kumasi, da Sabon Zongo na Akara, da Zongon Lome, da Sabo na Ibadan. Kalmar ma daga bakinmu ta shiga harsunan mutanen gaɓar teku. Yamai kanta tana da unguwar Zongo a tsakiyarta, cikin tsofaffin unguwanni.

Ga inda bambancin yake, kuma a kansa na tsaya. Mai masauki yana cin riba ne in baƙonsa ya yi arziki. In ka sayar da kayanka da daraja, la'adarsa ta ƙaru, baɗi ka dawo wurinsa, ka kawo ƙanenka. Saboda haka lafiyarka da mutuncinka jarinsa ne. Mai gidan haya da dillalinsa kuwa ribarsu tana cikin matsuwarka. In ka kwana a tasha, in ba ka san kowa ba, in ba ka san inda ruwa ya kai a bango ba, ranar ce kasuwarsu ta ci. Dukansu biyu kuɗi suke nema, amma ɗaya yana addu'a ka tsaya da ƙafarka, ɗayan yana addu'a damina ta kore ka kafin ka nemi kosiyonka. Mun ɗauki na biyun mun ce shi ne zaman birni. Alhali garin nan gaba ɗaya na baƙi ne. Kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su kawo shi nan a 1926, Yamai ƴan ƙauyuka ne a bakin ruwa. Ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan ɗaya. Daga ina duk waɗannan suka fito in ba da akwati da rabin buhun gero ba? Kowane mai gida da ke cewa ba ya son baƙi, wani ne ya shimfiɗa wa ubansa tabarma.

Kafin in baro na je Porto-Novo na kai saƙon Tanti. Tsohuwar ta riƙe hannuwana biyu ta ƙi saki. Aka yi mana tafinta. Ta ce tana jin maganganu a rediyo, shin ɗiyarta da jikokinta suna lafiya a wurinmu? Na ce mata: “Mama, ki kwantar da hankalinki, a Nijar ba a taɓa baƙo.” Wallahi har raina na faɗa.

Ko da yake, in zan yi wa kaina adalci, na san ƙarya nake tun a lokacin. Tun watan Agusta na 2023 aka fara. Yara su wuce ta gaban teburinta su ce ƴan leƙen asiri. Wani a fadarmu, ya san kansa, ya ce su tattara su koma wajen Talon. Wani ya ce shi ba zai biya bashin abincinsa ba, a cire a kuɗin takunkumi. Aka fashe da dariya. Ina wurin, kofin shayi a hannuna, cikina cike da shinkafarta ta bashi, na yi dariya tare da ku. Da na dawo daga Kotonu na tarar mai gida ya ƙara mata haya, ɗakunanta biyu daga jika 35 zuwa 55, ita kaɗai a cikin ƙofa tara. Da mijinta ya je roƙo, ya ce masa in ba su iya ba ai ƙasarsu ba ta cika ba. Ya san ba su da inda za su kai ƙara, ya san ba wanda zai tsaya musu, kuma bai yi kuskure ba.

Za ku ce takunkumi. Na sani, ina nan. Na yi karatun jarrabawa da fitilar salula, na ga yadda kuɗin shinkafa ya tashi, na ga masu ciwon suga suna yawon neman magani. Abin da shugabannin CEDEAO suka yanke a Abuja ranar 30 ga Yuli 2023 talaka ya faɗa wa, kuma ba zan wanke su ba. To amma Tanti tana cikin zauren taron? A duhun nan ɗaya muka zauna da ita, kifinta ya ruɓe a firiji sau biyu ina gani. Sannan ku amsa mini wannan: wutar nan Najeriya ce ta yanke ta. Me ya sa ban ji wanda ya ce a kori Sakkwatawa da Katsinawan da ke kasuwar Katako ba? Ba ina cewa a kore su ba ne, Allah ya kiyaye, dangina ne. Ina cewa mun bar su ne don suna kama da mu, harshenmu ɗaya, sahunmu ɗaya a masallaci. Wadda muka zaɓa mu huce a kanta ita ce mai gicciye a wuya, mai ɗaurin zane daban, wadda ba ta da kawu a gari. To wannan ba fushin takunkumi ba ne, mu kira shi da sunansa.

Za ku ce tsaro. Maganar gada da sansanin soja da abin da ke tsakanin gwamnatoci biyu, masu mulki ne ke da bayanansu, su za su buɗe ko su rufe. Amma ko su ba su ce a taɓa kowa ba. A watan Disamba na 2024 ƙasashen AES suka sanar cewa ƴan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, ita ma CEDEAO, da fitarmu ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu a bar mu mu yi zirga-zirga kamar yadda yarjejeniyar 1979 ta tanada. Wato masu rigimar da kansu sun bar ƙofa a buɗe, mu ƴan kallo ne muka fi su zafi. Ƙofar tsakar gida ba gwamnati ke rufe ta ba, mu ne.

Akwai kuma tarihin da muke karantawa da ido ɗaya. Kowa a fada ya san 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi sati biyu su bar Gana, kakanninmu suka dawo da katifa a ka. Kowa ya san 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, ƴan Nijar na cikin waɗanda aka koro. Amma ban taɓa jin wanda ya kawo Disamban 1963 ba. A wancan watan, cikin rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori mutanen Dahomey daga ƙasar nan, dubbai, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti, wasu a nan aka haifi ƴaƴansu. Mun riga Busia da shekara shida. Tsibirin da aka yi abin dominsa sai a 2005 kotun duniya ta Hague ta yanke cewa namu ne, da takardu da lauyoyi, ba tare da an kori ko mai sayar da kifi ɗaya ba.

In ma kunya ba ta hana mu ba, ai lissafi ya kamata ya hana mu. Ku je kowane ƙauye a Adar ko Zarmaganda ko wajenmu bayan an gama girbi, ku ƙirga mazan da suka rage. Sun tafi biɗa, suna Kotonu da Lome da Abijan da Akara da Legas da Libiya. Da kuɗinsu ake cike rumbu in damina ta gaza, da kuɗinsu aka sayi littattafan da yawa daga cikinmu, ni dai da tallan yayana na yi aji shida. Babu ƙasar da ta fi mu bukatar a ji tausayin baƙo a yammacin Afirka. In aka fara ramuwa, in matar nan mai koko ta ji abin da aka yi wa ƴar garinsu a Harobanda ta ce ita ma ƙasarsu ba ta cika ba, wa zai fara kwana a titi? Gurgu ne, da ƙarfe a ƙafa, uwarmu ɗaya.

Kuma kada mu ɗora wa masu gidaje komi mu koma gefe. Siminti ya yi tsada, gaskiya ne, akwai ɗan haya mai gudu da dare, gaskiya ne. Amma wa ke karɓar kuɗin tabarma daga sabon ɗalibi kafin ya bar shi ya raɓa a ɗakin da shi ma raɓawa ya yi? Wa ya koma dillali a unguwar nan, yana jiran motocin Zinder da Difa a watan Oktoba kamar mahauci na jiran ranar kasuwa? Mu ne. Muna zanga-zanga a kan gadar Kennedy da sunan talaka, muna tuna waɗanda suka faɗi a kanta ranar 9 ga Fabrairu 1990, sannan mu dawo mu sayar wa ƙanenmu inuwa. Abin da nake nema bai kai zanga-zanga wuya ba. A samu waɗanda za su riƙa zuwa tasha a farkon shekara su tarbi sababbi. A riƙe littafi guda na ɗakunan unguwa, da kuɗinsu na gaskiya, da inda ruwa ke kaiwa, a ba kowa kyauta, dillali ya nemi wata sana'a. Kuma ɗakin da aka fitar da wani da zalunci, kada ɗalibi ya shige shi, ko da a rabin kuɗi ne.

Wannan na ƙarshen na makara da shi. Tanti ta tashi a ƙarshen Janairu. Mijin ya tsaya, yana kwana a ginin da yake aiki, ita da yara uku suka bi motar Gaya. Yaran a nan aka haife su, ƙaramar ba ta jin wani harshe sosai sai Zabarmanci, tana ta tambaya yaushe za su dawo gida. Na raka su tasha da asuba, na ɗaukar mata buhu, na kasa haɗa ido da ita. Bokitin nan ta ce in riƙe. Sati bai cika ba dillali ya kawo wasu ɗalibai biyu ƴan Tanut, aka lissafa musu wata shida, ba a nuna musu layin bango ba sai da na nuna musu.

Littafin bashin ma ta bar mini shi, ta ce ba ta da abin yi da shi a can. Na zauna na haɗa lissafin: jika 63 da dala 50, sunaye goma sha huɗu. Nawa na ciki, jika 3 da dala 100, na ware su. Ba zan buga sunan kowa a nan ba. Littafin yana ɗakina, ƙofa ta huɗu daga famfo, ina nan kullum bayan la'asar. Akwai yaron motar Gaya da ke kai saƙo har hannun mai kwalekwale, ranar Alhamis zan ba shi abin da ya taru.